Zuwa Damagaram Koyon Hannun Dama

Tun ranar da muka dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba a tashar Gaya. Wannan ya ce, Hamisu yaya ƙasar Faransa? Wancan ya ce, wai da gaske ne ka kusa kifar da motar Alhaji? Na yi ta ce musu su yi haƙuri, ni ba na ba da labarin da ban ga ƙarshensa ba. To, yanzu an yi canjin hannu, na ga ƙarshen, zan kuma faɗa sau ɗaya tak. Wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da biyu ina jan babbar mota mai bodin katako tsakanin Gaya da Wudil da Kano, ban taɓa buge ko ɗan akuya ba. Ba yabon kai ba ne, ku je ku tambaya. Shi ya sa da takarda ta zo daga Kano cewa gwamnati za ta mayar da tuƙi daga hannun hagu zuwa hannun dama, kowace tasha kuma ta shirya direbobinta, Sarkin Tasha Alhaji Mamuda ya ce ni zan koyar. Na sa aka karanta mini takardar har sau biyu. Abin da ke ciki bai wuce abin da rediyo ke faɗa kullum ba: a bi dama, a rage gudu. Na ce a raina, wannan ai ko mai sayar da ƙosai ta sani.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne hukuncin da Sarkin Tasha ya ɗora a kai. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka duk direban da gemunsa ya yi fari ya ajiye makulli kafin ranar canjin. Kowa ya san da wa ake. Farin gemu ɗaya ne a tasharmu, na Baba Ilu, mai ɗauko 'yan kasuwa daga Gafasa da Ajingi ya kawo su Gaya. Shi ya koya mini mota. Shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari, shi ya kuma fara marin ƙeyata da na kashe masa mota a hawan gadar Wudil. Gidansa cike yake da 'ya'ya mata da jikoki, ba shi da gona ta kirki, motar nan ita ce garmarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gwada ya ga cewa tsofaffi ne za su yi kuskure?"

Ya ce, "Hankali ne ya gwada."

Na ce, "To, a bar ido ma ya gwada. Ga ƙasar Faransa nan kusa, inda Damagaram take, can dama suke bi tun fil azal. Maigidana, Alhajin da nake ja wa mota, yana da lodin rake da dankali zuwa Damagaram. A ba ni Baba mu je, ya tuƙa in tuƙa, in ga yadda abin yake kafin in buɗe baki in koya wa mutane."

Sarkin Tasha ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Na yarda, amma da sharaɗi. In ya kauce hagu ko sau ɗaya ne, ka faɗa a gaban jama'a, shi kuma ya ajiye makulli ba gardama. Ka ɗauka?"

Kafin in yi magana Baba Ilu ya ce, "Ya ɗauka."

Muka tashi mako guda bayan Babbar Sallah, mu biyu kawai. Muka yi yarjejeniya duk wanda ba ya tuƙi shi ke riƙe da weji, wato guntun katakon nan da ake cusa wa taya in mota ta tsaya don kada ta gangara. Daga Gaya zuwa Kano ba abin faɗa, hanyar gida ce, ramukanta ma sun san ni. Sai dai tun daga Wudil Baba ya fara aikinsa. In na sa giya ya ce na yi garaje, in na taka birki ya ce zan cinye wa Alhaji taya. A Dambatta na ce, "Baba, wai ni zan duba ka ko kai za ka duba ni?" Ya ce, "Tuƙa dai, yaro."

A Daura muka kwana, a zauren wani tsohon abokinsa mai gyaran taya. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, Baba ya ci ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, ko a jikinsa. Ni ne na kasa sakewa. Da na rufe ido sai in ga motar Ajingi cike da mata da ƙwarya, da wani baƙon direba a gaba.

Da hantsi muka isa iyaka a Kwangwalam. Kwastan namu suka zagaya motar, suka zare rake biyu don su tabbatar rake ne, suka ɗaga mana sanda. A can gaba kuma ga jandarma, wato ɗan sandan can, da gajeren wando da hula mai baki. Hausa yake yi tsaf, amma rabinta sai ka kasa kunne. Direba a wurinsu shofer ne, babbar mota kamiyo, lasin kuma farmi. Ya karɓi lasin Baba ya dubi hoton, ya dubi Baba, ya sake duban hoton.

Ya ce, "Tsoho, wannan mai baƙin gemu ne."

Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ni ne, kafin Allah ya haɗa ni da wannan."

Jandarma ya yi dariya har ya dafa bodin mota, ya buga mana hatimi. Kafin mu wuce na tsaya na ɗan lura da motocinmu da ke tsallakawa, don lokacin kwasar gyaɗa ne, suna da yawa. An jera ganguna a hanya suna karkatar da mota daga hagu zuwa dama, ga allo, ga jandarma yana kallo. Ba wanda ya yi kuskure ko ɗaya. Kowa ya ƙanƙame sitiyari ya zare ido kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce wa Baba, "Ashe abin ba wuya."

Ni na fara ja a hannun dama. Gaskiya akwai baƙunta. Sitiyarinmu a dama yake, don haka sai ka ga kanka a gefen daji kana gogar geza, tsakiyar hanya kuma ta koma wajen wanda ke zaune kusa da kai. In za ka wuce amalanke sai ka tambaye shi ko gaba da lafiya. Ga duwatsun awon hanyarsu kusa da juna, ba irin mil ɗinmu ba. Na ga muna wuce su da sauri na ce lallai motar Alhaji ta samu lafiya, ashe kilomita ce.

Daf da Matamaye muka faɗa wata gargada, sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bodi, ya ce ƙaras. Da lallaɓawa muka shiga gari. Maƙerin da aka kai mu wurinsa ya leƙa ƙarƙashi ya ce kwana uku. Na ce ba zai yiwu yau ba? Ya dubi rana ya ce ai yanzu ma lokacin hutu ne. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar: da rana ta take, ofis da kanti da maƙera duk a rufe, kowa ya tafi ya kwanta sai wajen la'asar. A Gaya wanda ya kwanta da tsakar rana sai a zo duba shi.

Aka nuna mana gidan Inna Rabi, wata dattijuwa mai sayar da tuwo a bakin hanya, wadda direbobinmu ke sauka a zaurenta. Tuwon gero take yi da miyar yakuwa, da safe kuma ga wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya, sai ka tsoma a kofi kafin haƙori ya shige shi. Baba ya gwada shi a bushe ya ce wannan ai weji ne. Ita kuwa ba ta kiranmu da komai sai 'yan Ingilishi. Da ta ji abin da ya kawo mu ta ajiye mara ta dube ni.

Ta ce, "Ɗana, a iyaka ka tsaya kallo? Ai ba a can kuke ɓata ba. A nan kuke ɓata, a gabana."

Na ce, "Kamar yaya, Inna?"

"Mutum zai zo tiryan-tiryan a hannunsa. Ya tsaya ya ci tuwo, ya yi alwala, ya yi salla, ya yi hira. Da ya koma mota sai ya ɗauki hanyar gidan ubansa. Shekara nawa ina yi musu ihu, har muryata ta dushe."

Maganar ta shige ni, amma ban ɗauke ta duka ba. Na bar gida ne don kada in koyar da abin da na ji a bakin wani, ko Sarkin Tasha ne ko mai tuwo. Gani ya kori ji. Tunda kwana uku muke da su ba aikin fari ba na baƙi, washegari na ari ƙwarya biyu a wurinta, na sayi gyaɗa, na zauna a gindin bedi, wato darbejiya, inda nake hango hanya gaba da baya. Motarmu ba ta ɓuya, ga lamba ga sitiyari a dama. In direbanmu ya zo wucewa bai tsaya ba ya kauce hagu, in jefa ƙwaya a ƙwarya ta farko. In ya tsaya ya ci ya yi salla sannan ya tashi ta hagu, in jefa a ta biyu.

Na wuni a nan. Da la'asar na tafi masallaci na dawo, na tarar da Baba zaune a wurina yana karkaɗe ɓawo daga riga, ƙwarya duka biyu wayam.

Na ce, "Baba, ina gyaɗar?"

Ya ce, "Wace? Na ɗauka sadaka ce."

Wallahi da wani ne da mun yi. Na haɗiye, na ce shi ke nan, aikin wuni guda ya tafi cikin tsoho. Amma asarar ta yi mini rana, domin da na koma tsakuwa sai dabara ta zo mini. Na tsinci fara da baƙa. In mai kuskuren farin gemu ne in jefa fara, in mai baƙin gemu ne ko wanda bai tara ba in jefa baƙa. Kwana biyu cur ina wannan, yaran gari suna zuwa kallon ɗan Ingilishi mai duba da tsakuwa.

Ranar da maƙeri ya gama, na juye ƙwaryar a tabarma a gaban Inna Rabi da Baba. Ta waɗanda ba su tsaya ba, abin da ke ciki bai rufe tafin hannu ba. Ta waɗanda suka tsaya kuwa tsibi guda. Kuma tsibin a gauraye yake, fara da baƙa, baƙar ma ta fi yawa, ko da yake masu baƙin gemu dama sun fi yawa a hanya, don haka ban ce samari sun fi tsofaffi ɓata ba. Abin da na ce shi ne gemu ba ruwansa. Tsayawa ce ke mayar da mutum gida. Inna Rabi ta kwashe ƙwaryarta ta ce, "Kwana uku ka ɓata a kan abin da na gaya maka kyauta."

Muka kama hanyar Damagaram ina jin kaina kamar wanda ya sauke Alƙur'ani. Na san ciwon, na san inda yake kamu, wa zai gaya mini? Bayan Takeita muka tsaya azahar a gindin wata gawo, muka yi salla, muka sha fura. Ina ta yi wa Baba bayanin yadda zan tsara koyarwa. Ya cire weji ya hau, na tayar da mota ina ci gaba da bayani. Hanyar a nan siririya ce, kowa tsakiya yake bi, sai an haɗu a raba. Wata kamiyo ta ɓullo daga kwana. Hannuna, ba tare da ya yi shawara da ni ba, ya karya hagu. Shi ma shofer ɗin ya karya damarsa, wato wuri ɗaya muka nufa.

Baba ya ce, "Dama!" ya cafki sitiyarin ya tura.

Muka tsallake hanya muka nutse a yashi, rake ya zubo ta saman bodi. Kamiyo ta wuce da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, shofer ya leƙo ya yi mana addu'ar da ba zan maimaita ba. Ni Hamisu, mai shekara ashirin da biyu a kan sitiyari, kuma a daidai wurin da na gama faɗa da bakina cewa nan ake ɓata. Kunya ta fi tsoron yawa. Baba ya sauka ya fara tsince rake, wannan kuwa ya fi mari zafi.

A Damagaram muka sauka a gidan wani fatoma mai karɓar fataken kanwa, kusa da kasuwa. Gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyarsa, ruwa kuma sai an yi tattali, buta ɗaya alwalar mutum biyu. Buzaye suka ba mu shayi a 'yan kofuna kamar na wasan yara, sau uku, na farko da ɗaci har kunne. Na shanye na farko na tashi, fatoma ya jawo rigata ya ce tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Kilishinsu dai, in faɗi gaskiya ko da za a ji haushi, ya fi namu.

Kwana biyar muka yi ana sauke rake ana haɗa kanwa, kullum muna zirga-zirga da motar cikin gari. Rana ta biyu da safe, bayan an karya, Baba ya hau ya fito daga ƙofar fatoma ya miƙe a hannun hagu hankalinsa kwance. Ba kowa a hanyar sai wani mai jaki. Na ce, "Baba." Ya duba, ya gane, ya koma dama a hankali. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Sau ɗaya Sarkin Tasha ya ce, ga shi kuwa an yi. Da yamma ni kuma, bayan la'asar, na shiga shataletalen kasuwa ta hagu, jandarma ya busa mini usur har ya ƙware. Ya zama ni biyu, Baba ɗaya.

Muna zaune a ƙofar gida kafin magariba na ce, "Sanin abin bai hana ni ba, Baba. To me zan koya wa mutane?"

Ya ce, "Sabo turken wawa. Kai ka sani, hannunka bai sani ba." Ya dubi motar. Can ya ce, "Mota tana tashi ba a cire weji ba?"

Na ce, "A'a."

"To, kada a cire. Mai weji ya tsaya ya tambayi direba, wane hannu? Sai ya faɗa da bakinsa, ya miƙa hannun ta taga an gani, sannan a zare katako. Kowace tsayawa, ko fitsari aka sauka yi."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Daga ranar muka kama. Da farko ina jin nauyi, ƙato da ni ana tambayata hannuna kamar ɗan makaranta, amma daga nan har muka bar garin ba wanda ya sake kaucewa a cikinmu. Duk da haka na ce mu biyu ba hujja ba ce. Da muka iso Matamaye a komowa na roƙi Baba muka ƙara kwana ɗaya. Shi ya riƙa bin direbobinmu da suka ci tuwo, kafin a zare musu weji ya tambaye su hannu. Wasu suka amsa da dariya, wasu da tsaki, ɗaya ya ce ko tsohon ya taɓu ne. Ni ina gindin bedi da ƙwarya. Har rana ta faɗi tsakuwa ɗaya na jefa, shi ma wanda ya fizgi mota ne kafin Baba ya ƙarasa wurinsa. Inna Rabi ta ce yau ta huta da ihu, ta ƙara mana nama a miya.

Da muka tsallako Kwangwalam sai ga wata sabuwa, wai ashe mun fara sabawa da dama, dole muka juya tambayar, amsa ta koma hagu. Muna dariya har Daura. Daga Kazaure dariyar ta ƙare mini. Na yi ta saƙa da warwara. In na rufe na Baba na ci amanar jama'a. In na faɗa na cire masa tuwo a baki. Kuma kada in yi muku ƙarya, nawa biyun nan sun fi damuna, don a mutanen tasharmu ba wanda ya gani sai shi.

Na ce, "Baba, wanda ka yi ba kowa a hanya sai jaki. Ai ba sai an..."

Ya katse ni. "Ka faɗi nawa. Naka kuma ruwanka, ni ba a aike ni duba ka ba."

Washegarin isowarmu aka taru a rumfar tasha, direbobi da kwandastoci har da masu ɗaukar kaya. Sarkin Tasha bai yi wani zagaye ba. Ya ce, "Ya kauce ko bai kauce ba?"

Na ce, "Ya kauce, ranka ya daɗe. Sau ɗaya."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Na ce, "Dakata, Baba, ban gama ba. Ni na kauce sau biyu. Na farkon, ba don wannan tsohon ya kama sitiyari ba, da yanzu ana zaman makokina. In kuskure ke sauke direba, ga nawa makullin, a fara da ni." Na ajiye shi a tabarma.

Sannan na kwance ƙullin tsakuwar da na taho da ita, na zuba tsibi biyu, na yi musu bayani dalla-dalla: waɗannan ba su tsaya ba, waɗannan sun tsaya, ga fara ga baƙa. Na faɗi maganar weji da wanda ya kawo ta, da yadda muka gwada ta a kan mutanen da ba su san mu ba. Sarkin Tasha ya tona tsibin da yatsa ya daɗe yana kallo. Mutum ne mai taurin kai amma ba azzalumi ba.

Ya ce, "Ku ɗauki makullanku ku biyun. Amma Ilu, ranar kasuwar farko bayan canji idona yana kanka. In aka ji wani abu a hanyar Ajingi, ba sai na aiko ba."

Sati shida muka yi muna koyarwa a filin bayan tasha. Ba zagaye kawai muke sa mutum ba. Sai ya yi dama sosai ya saki jiki, mu tsayar da shi, a ba shi ruwa, a ja shi da hirar kokawa ko ta farashin gyaɗa, sannan a ce hau. A nan ake ganin gwanaye suna karya hagu, jama'a na tafi. Ba mu bar kowa ba sai da tambayar weji ta zama masa kamar bisimillar cin abinci.

Aka yi canji lafiya a garinmu. Ranar kasuwar da Sarkin Tasha ya ambata, aka ba ni lodin gishiri da fasinja zuwa Ajingi da yamma, daidai lokacin da Baba ke dawowa da 'yan kasuwa daga kasuwar Ajingin. Hanyar burji ce, faɗin mota ɗaya da rabi. Na san kuma a bakin wata rijiya yake tsayawa la'asar kullum, wato duk inda muka haɗu, ni ne motar farko da zai gani bayan salla. Na wuce gonakin bayan gari ina addu'a. A gaba kusa da ni wata tsohuwa ce mai kai wa 'yarta kayan jego, tana ta ba ni labari ban ji ko ɗaya ba.

Na hango shi ya fito daga kwana, mata maƙil a bodi har da na tsaye, yana tsakiyar hanya. Na rage gudu na kwanta dama. Ya matso, yana tsakiya. Sai na ga hancin motar ya karkata a hankali, ba garaje ba fizga, ya kwanta damarsa kamar a can aka haife shi.

Da can in muka haɗu taga da taga muke, har mu tafa. Yanzu kowa sitiyarinsa ya koma gefen daji, faɗin mota biyu tsakaninmu, ko fuskarsa ban gani sosai ba. Na dai ji ya rage gudu ya ɗaga murya, tsohuwar da ke bakin taga ta amsa, ya wuce.

Na ce, "Iya, me ya ce?"

Ta ce, "Wai in gaya maka ya duba ka da kyau, yau ka yi daidai."